Kawu Bulus, Masara da Gwangwanin Madara

Da wannan damuna Kawu Bulus, yayan mahaifiyata, ya cika shekara bakwai a ƙasa. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa ina fasawa, don ni mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba ce, kuma yawancin abin da ya shafi mutuwarsa ban tabbatar ba. Abin da ya faru a gidansa na Unguwar Boro, ranar Lahadin da muka taru don addu'ar tunawa da shi, shi ya sa na kasa ci gaba da yin shiru.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa a masaƙa, a sashen rini. Da aka rufe kamfanin bai koma ƙauye ba. Ya samu gona a Kakau yana noman masara da wake, ya sayi famfon feshi irin na goyo, har ya zama yana yi wa wasu manoman feshin maganin ciyawa da na ƙwari ana biyansa. Daga masaƙa ya taho da wata al'ada. A can, duk wanda ke aiki cikin warin sinadarai ana ba shi gwangwanin madara idan an tashi, wai tana wanke gubar da mutum ya shaƙa. Kawu ya riƙe wannan riƙo na gaske. Da hannu yake dama magani, idan bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura, rigarsa ta jiƙe daga kafaɗa har ƙugu. Idan ya gama sai ya zauna a gindin mangwaro ya huda madararsa ya shanye, hankali kwance. Gwangwanin ma ba ya yarwa, da shi yake auna maganin gobe.

A jami'a na karanci sinadaran jikin halittu, kuma binciken kammala digirina a kan ganyen masarar gonarsa na yi shi. Lokacin ne tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta fara addabar mutane. Abin da na karanta, na kuma ga ɗan alamarsa a ɗakin gwaje-gwaje, shi ne shuka ba ta tsayawa a cinye ta haka kawai. Da zarar tsutsa ta ciji ganye, yawunta ya taɓa raunin, saƙo yakan bi jikin masarar. Sai ta fara ƙera wasu sinadarai masu hana abincin narkewa a cikin tsutsar, ta kuma saki wani ƙanshi da ke jawo ƙananan ƙwari dangin zanzaro, su zo su yi ƙwai a jikin tsutsar. Ba kullum wannan ke ceton ta ba, amma tana yin iya yinta. Da na yi wa Kawu bayani ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Ashe masara ma tana da ƙararrawar coci!"

Batun maganin ciyawa ya fi wannan nauyi. Akwai wanda ake fesawa a gonar masara ciyawa ta mutu masara ta tsira, saboda jikin masara yana iya kama gubar ya ɗaure ta da wani sinadari, ya jefa ta wani lungu na ƙwayar halitta inda ba za ta yi ɓarna ba. Akwai kuma mai ƙona duk wani kore da ya taɓa, wanda littattafanmu suka ce idan ya shiga jikin mutum huhu yake nema. Na gaya wa Kawu wannan. Na ce masa ban taɓa ganin wata shaida cewa madara tana kare mutum ba. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Rifkatu, kamfani guda da likitocinsa ba su kai ki sani ba?" Sai ya ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na saya masa takunkumi. Ya sa sau ɗaya don kada in ji haushi, ya ce yana hana shi numfashi.

Tari ne ya fara, sai haki, har ya kai ba ya iya zuwa coci a ƙafa. A asibiti suka ce huhunsa ya taurare. Ba a yi binciken gawa ba, mu ba ma yi. Dole in faɗi nan cewa ban san abin da ya kashe shi ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shaƙar ƙurar auduga da tururin rini, ana iya cewa ciwonsa ya riga gonar. Yana yiwuwa feshi ne, yana yiwuwa masaƙa ce, yana yiwuwa su biyun suka haɗu masa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Kakau ta yau. A zamaninsa feshi taimako ne ga fartanya. Yanzu da wuya ka ga mai noma da hannu, kuma ba lalaci ba ne. Tun da tsoron masu garkuwa da mutane ya shigo wannan yanki, babu mai son wuni a sunkuye bayansa na kallon daji. Mutum ya je ya fesa ya gudo gida. Gaba kura baya sayaki. Ita kuwa ciyawa, manoma suna cewa ta yi wayo. Ni ba zan kira shi wayo ba. Abin da nake zato shi ne 'yan kaɗan ɗin da jikinsu ya iya jure gubar su ne suka tsira suka zubar da iri, shekara bayan shekara, har suka cika gonakin. Ban auna ba, kuma mai yiwuwa jabun magani ma yana ciki. Amma na san inda Kawu ke zuba gwangwani ɗaya a famfo, yau ana zuba biyu, a haɗa da wani iri, a ƙara da na tsutsa. Ina jin da zai girgiza kai ya ce an yi ɓarnar kaya. Ba na jin zai ce a daina.

Ɗansa Ayuba ne ya gaji famfon. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: da hannu yake damawa, da baki yake hurawa, ya sha madararsa. Taubashina ne, Likitar Ganye yake kirana tun ina makaranta. Ranar addu'ar na lura faratansa sun yi baƙi, kuma sau biyu ya fita tsakar gida yana tari ana cikin waƙa.

Matarsa Hannatu ta ja ni bayan madafi. Ta ce, "Anti, tun bara yake wannan tarin. Yau zai tambaye ki, ni na sa shi. Don Allah ki ce masa maganin ne ya kashe Baba. Kawai ki ce shi ne. Ke kika yi karatun, idan ya ji daga bakinki zai ajiye."

Bayan baƙi sun ragu Ayuba ya zo ya zauna kusa da ni da farantin shinkafa. Ya ce, "To Likitar Ganye, madam ta hana ni sakat. Faɗa min tsakaninki da Allah, feshi ne ya kashe Baba? E ko a'a. Ban da turancin nan naki."

Na ce, "Ayuba, ba zan iya rantsewa ba, don ba a bincika ba. Amma na san maganin nan yana shiga ta fata da ta baki, na san yana lalata huhu da ƙoda, kuma madara ba ta fitar da shi. Wannan zan iya rantsewa a kai. Ka zo in raka ka asibiti a duba ƙirjinka."

Bai ji rabin na biyu ba, ko ya ji ya ƙyale. Ya juya wajen matarsa yana dariya: "Kin ji ko? Ba ta sani ba." Sannan ya daina dariyar ya ce da ni, "Baba bai taɓa yi min ƙarya ba. Idan na ce madara banza ce, kin ga na ce ubana ya mutu wawa ke nan."

Da zan tafi Hannatu ta rako ni bakin ƙofa. Ba ta yi min sai an jima ba. Cewa ta yi, "Kalma ɗaya na roƙe ki."

Tun ranar nake juya maganar. An ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ba a gaya mana cewa wani lokaci ba mai faɗinta ne ke shan ɗacin ba. Da na ce e, wataƙila da Ayuba ya ajiye famfon. Wataƙila kuma da ya ajiye na mako guda, yunwa ta mayar da shi, ranar da ya gane na ƙara gishiri ya daina jin komai daga bakina. Ban san wanne ba ne. Na koma gidan sau biyu, na kai safar hannu da takalmin roba. Ya karɓi takalmin. Asibiti kuma ya ce sai bayan kaka.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Kawu Bulus, zan ce ba gonar ba ce, don gari yana ta cin ta da fulotai. Maganarsa ce ta rage. Shi ne wanda maƙwabta ke kawo wa rigimar iyaka, abin da ya faɗa ya zauna. Bai taɓa cutar kowa da gangan ba, abin da aka koya masa ya koyar, da zuciya ɗaya. Mutane da yawa a Kakau daga wurinsa suka koyi feshi, har yau idan ka yi musu magana sai su ce ai haka Baba Bulus yake yi. Ina alfahari da cewa an yarda da kawuna har haka, kuma wannan yardar ce take hana ni barci. Ubangiji ya ba shi hutun da huhunsa ya hana shi a duniya. Ɗansa kuwa yana can Kakau da famfo a bayansa, yana yi wa ubansa biyayya.