Sandar Ngong ta ɓace a bango

Jama'a, yau saura ƙiris wata sanda ta raba ni da aikina!

Ƙungiyarmu ta manoman masara ta yi taro a Poumpoumré. An riga an yanke cewa garin da girbinsa ya fi ƙanƙanta za a rage masa taki bana. Ni na shigar da alƙaluman a kwamfuta, na haska zanen sanduna a bango. Kowane gari sandarsa ta miƙe. Wajen Ngong kuwa wayam!

Baba Yakubu, shugaban manoman Ngong, ya tashi tsaye. "Yarinya, wato mu barci muka yi da damina?"

Patron ɗinmu, wato shugaban ƙungiyar, Alhaji Buba, ya yi murmushi. "Baba, na'ura ba ta ƙarya."

Na goge zanen, na sake haɗawa. Wayam! Mutanen Ngong har sun fara neman takalmansu.

Na leƙa teburin alƙaluman. Kowa dubbai, Ngong ɗari tara.

Na ce, "Baba, kilo ɗari tara kuka samu?"

"Wane kilo? Mu buhu muke ƙirgawa tun kakanni!"

Ashe sauran garuruwa kilo suka aiko, ni kuma na zuba duka layi ɗaya! Na mayar da buhunan kilo. Sandar Ngong ta yi sama, ta kere kowa.

Kun san wacce ta koma 'yar guntuwa? Ta garin patron!

Baba ya zauna, ya gyara hula. "Alhaji, na'ura ba ta ƙarya."