Sallolin da Kaka Tani Ta Yanke

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, goma sha ɗaya ga watan Rajab, cikin shekarar 1956 ta lissafin Nasara, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran kakata Tani, wadda mutanen Shagari suka sani da Tani mai sabulu. A Bodinga ta rasu, a gidan Goggo Zainabu inda tsofaffin mata suke zaune, ba a ɗakinta na Shagari ba. Ina riƙe da hannunta. An kai ta makwancinta kafin magariba.

Ni ce Kaltume, jikarta, ɗiyar Malam Sodangi. Kowa ya san ban iya magana cikin mutane ba. Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa, ban ce komai ba sai amin. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafina na elementare na rubuta wannan. Wanda ya iya boko ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kaka, ke ce mace mafi tsabta da na taɓa sani. Na tashi na iske ki kina tace toka, kina dafa ta da man kaɗe, kina mulmula sabulu a kan faifai. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, kafin a yi suna curi ɗaya ya isa ɗakinta, ba ta roƙa ba. Randar alwala da ke ƙofar masallacin unguwa, ke kika riƙa cika ta kowace safiya tun kafin a haife ni. Ba wanda ya ɗora miki. Maza da yawa sun yi shekaru suna alwala da ruwan nan ba su san mai zuba shi ba.

Ba ki kirana da sunana. Bebiya kike ce mini. Kina cewa wanda ya aure ni ya huta, zai mutu bai ji faɗa ba. Da aka sa ni elementare, matan gida suna ta surutu, ke kuwa sai ki karɓi littafina ki riƙe shi kai a ƙasa, ki ce in karanta miki abin da Nasara ya ce yau. In na karanta ki ce ai wannan ke ma kin sani, asarar alli ce kawai.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau zan faɗa. Har na kai shekara bakwai ina fitsarin kwance. Wata safiya yaran gida suka ga tabarmata a jiƙe, suka fara taruwa za su yi mini waƙa su zaga da ni unguwa yadda ake yi. Kika fito da buta a hannu kina faɗa, kika ce ke ce kika yi tuntuɓe da ita ruwan ya zube a kan tabarmar, kuma duk wanda ya buɗe baki zai sha muciya. Daga ranar kika mayar da ni ɗakinki. Ke kike wanke tabarmar a bayan ɗaki, har na daina, ba ki taɓa yi mini gori ba ko da wasa.

Larurarki ta yoyon fitsari ta fara a hankali. Da farko sai kin yi tari ko kin ɗaga tulu. Daga baya ya zama ba ki san lokacin da yake zuwa ba. Kika daina zama a tabarmar mutane. Kika daina zuwa suna da biki. Kina canza zane sau biyar, sau shida a wuni, kina turara ɗaki, amma duk da haka wanda ya bi ta ƙofarki zai ji. Ɗakinki kuwa yana daf da zauren da Baba yake ba ɗalibansa karatu, nan kuma baƙinsa suke zama.

Baba ne ya ce a kai ki Bodinga. Ya ce can kusa da ɗakin shan magani na hukumar En'e ne, kuma kwana biyu ne, da an cire albasa za a dawo da ke. Ni na gama aji huɗu a lokacin, sai aka haɗa mu. An cire albasa sau biyu muna can.

Goggo Zainabu matar wani babban malami ce da ya rasu ya bar mata gida mai ɗakuna da yawa. Tana karɓar tsofaffin da ba su da mai duba su, mutanen gari suna kawo musu zakkar hatsi. Allah Ya saka mata, ba ta taɓa toshe hanci a gabanku ba. Ku biyar ne. Sauran huɗun ba su da kowa a duniya. Ke kina da mu.

Uku daga cikinku larura ɗaya ce. Aikina shi ne in kwashe yashin ɗaki in zuba sabo, in wanke tsummoki in shanya a bayan danga inda ba mai gani. Iya Khadijatu makauniya ita ce mai ba mu dariya. In ta ji ina wucewa da ƙwaryar yashi sai ta ce, “Bebiya, a hwaɗa ma Sarkin Ruwa ya yi haƙuri, yau ma mun riga shi ambaliya.” Har ke kina dariya, kina rufe baki da gefen mayafi.

Abin da bai ba ki dariya ba shi ne salla. Ban san yadda zan rubuta wannan ba, amma na gani da idona. Za ki wanke jiki, ki ɗaura busasshen zane, ki yi alwala, ki tsaya. Kina kabbara, ko kina zuwa ruku'u, sai in ga kin tsaya cak. Sai ki sallame, ki koma bayan ɗaki, ki sake komai daga farko. Wata azahar na ga kin tayar sau bakwai, har aka kira la'asar ba ki kai ƙarshen raka'a biyu ba. Ruwa ya cinye miki tsakanin yatsu, cinyoyinki suka yi gyambo. Tun kuna yara aka gaya muku ɗigo ɗaya yana ɓata salla, kuma saboda fitsari ake azabtar da mutum a kabari. Abin da kuka sani ke nan, ku duka, har Goggo Zainabu. Sauran biyun sun daɗe da haƙura. Ke kika yi wata huɗu kina fama, sannan ran nan kika naɗe buzunki kika ce, “Ba ni tsayawa gaban Ubangijina da ƙazanta.” Daga nan in ladan ya yi kira, sai ki juya fuska bango.

Bodinga gari ne na malamai, amma wace tsohuwa za ta aika wa namiji baƙo da irin wannan tambaya? Malami ɗaya kike da shi, shi ne ɗanki. Shi kuma ɗan fari ne. Ban taɓa jin kin ambaci sunansa ba. In ya shigo gaishe ki, kina kallon wani wuri kike amsawa, kalma biyu. Haka aka san mace mai kunya da ɗan farinta, kuma ana yabonki a kan haka.

Wata rana kika kira ni kika ce, “Bebiya, ki tahi Shagari. Ki ce ma mai gidanku wata tsohuwa ta, nan gidan, taka tambaya: wanda abin ga ya kama, yaya za shi yi da salla? Kak ki ce ni ta.”

Kaka, kin san abin da wannan aike ya zame mini. Na bi 'yan kasuwa a mota, duk hanya ina maimaita maganar a zuciya. Na jira ɗalibai suka tashi, na durƙusa a bakin zaure. Amma na faɗa. Wallahi na faɗa duka, ban rage ko kalma ba. Baba ya zuba wa allon da ke gabansa ido. Ya gane ko wace tsohuwa ce, na ga ya gane. Ya ce, “Wagga ba maganar da za a ba yarinya ta kai ba ta. Ki ce ma tsohuwar in na zo ni yi mata bayani.”

Na dawo da murna na gaya miki. Kika sa na wanke buzun na shanya.

Ya zo sau uku. Kowane zuwa da gero da goro, sau ɗaya har da sabon zane. Yakan tsuguna a bayan asabari ya ce an wuni lafiya, ki ce lafiya lau. Ya tambayi jiki, ki ce da sauƙi. Ina ganinki daga ciki kin karkata kunne, kin daina ko motsi. Sai ya ce to, Allah Ya ƙara sauƙi, ya tashi. A zuwa na biyu na bi shi har ƙofar gida na ce, “Baba, tambayar nan.” Ya ce, “Na sani,” ya hau kekensa. A na uku ban iya ce masa komai ba, kuma wannan laifina ne, ina roƙon ki yafe mini. A lokacin na ɗauka amsar ce mai nauyi. Na ɗauka ya duba ya ga babu mafita, yana tausayin ya faɗa miki. Har tausayinsa na ji.

Ranar da za ki rasu, zazzaɓi ya kwana uku a jikinki. Kika ji kiran azahar, kika matse hannuna kika ce, “Da mi za ni tahi?” Goggo Zainabu ta yi ta laƙƙana miki kalmar shahada, kika karɓa, alhamdu lillahi.

Ranar sadakar uku, Malam Nuhu na Sifawa, wanda ya karantar da Baba, ya zo. Bayan addu'a ya ce a kai shi ya gaida tsofaffin gida, Baba yana riƙe masa sanda. Iya Khadijatu, wadda ta ji maganarki ta ƙarshe ta bango, ta ce ita kam ta tsufa da kunya. Ta ce, “Allah shi gafarta Malam, Tani ta tahi tana kukan salla. Mu da fitsari ka zubo muna, mun bari tun tuni. Haka za mu iske ta?”

Malam Nuhu ya ce, “Subhanallahi! Wa yac ce ku bari?” Ya ce wanda abin ya zame masa larura, yana zubo masa kullum ba da sonsa ba, ya yi alwalarsa ya yi sallarsa. Ko ya ɗiga yana cikin ruku'u kada ya yanke. Abin da ya taɓa zane ma an yi rangwame a kansa. Ya ce wannan ai yana cikin karatun farko, wanda ake biya wa yara. Sannan ya juya ya ce, “Sodangi, ba gabana kak karanta wanga ba?”

Baba ya ce, “Na karanta, Malam.”

Ina tsaye a bayan danga da ƙwaryar gumba. Sai na tuna ina jin wannan babi ta bangon zaure tun ina ƙarama, cikin Larabcin da ban gane ba, yana biya wa 'ya'yan wasu. Maganar da Malam Nuhu ya gama kafin mutum ya sha ludayin fura, ita kika jira shekara guda da watanni. Bai ma zama dole ya dube ki ba. Da ya faɗa wa asabari, da kin ji. Da ya faɗa mini a ƙofar gida, da na kawo miki a guje.

Da la'asar ta yi a ranar, Iya Khadijatu ta ce in kama ta in nuna mata gabas. Su biyu suka tsaya, ita da ɗayar mai larurar. Ina gani ƙasan zanen Iya ya jiƙe a raka'a ta biyu. Ba ta yanke ba. Ta kai har sallama, sannan ta fashe da kuka tana kiran sunanki.

An ce mini kunya ce, kuma ɗan fari ba ya iya irin wannan magana da uwa tasa. An ce in yi shiru, ya fi ni jin zafin. Wataƙila haka ne. Ni dai yarinya ce, na fi kowa kunya a gidanmu, kuma na durƙusa na faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baffa Maniru da ke Lambara da iyalinsa, da Goggo Kulu da ke aure a Dingyadi, da Innata, da Goggo Zainabu da tsofaffin gidanta waɗanda suka zame miki dangi, da matan unguwarmu a Shagari. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Baba, kai ma ina yi maka ta'aziyya. Uwa ka rasa. Na ga ka rame, kuma na ji an ce ba ka fita zaure. Ina roƙon Allah Ya yafe maka, kuma Ya sa wata rana in iya ɗaga ido in dube ka kamar da. Yanzu ban iya ba tukuna.

Ya Allah, baiwarKa Tani ta zo gare Ka tana tsoro. Ka san ba raini ya hana ta tsayawa ba, girmanKa ta gani. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka tashe ta cikin masu salla. Duk wadda ta tayar ta yanke ta koma ta sake wanka, Ka cika mata ita. Waɗanda kuma ta ji kiransu ta juya bango tana kuka, ya Ubangiji, kada Ka tambaye ta. Ta aika a tambaya, ba a ba ta amsa ba.

Amin.