Garin da Ya Kori Babura

Ina karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin a shekarar da aka hana babura shiga cikin birnin, ina kuma taɓa yi wa 'yan kasuwar Kano tafinta a kasuwar Canaan don in samu na cefane. Tun da daɗewa ake ta sanarwar dokar, mu kuwa Hausawan garin sai dariya muke. Mun saba da irin wannan a gida: majalisa ta zauna, a yi ta kumfar baki a rediyo, kafin wata ya ƙare kowa ya manta. Ranar da dokar ta fara aiki na fito bakin titi na tsaya sororo. Masu baburan da ke cika bakin kasuwa suna ɗaga mana hannu, masu kwasar mu da dilolinmu zuwa kasuwar Shahe, duk babu su, kamar an bi da tsintsiya an share. Wallahi har tsoro ya ɗan kama ni, don ban taɓa ganin magana ta zama aiki da wannan saurin ba.

Ana cikin haka Kawuna ya sauka. Yayan mahaifiyata ne, tsohon soja, ya ajiye kaki yana da muƙamin saje. Fansho ba ya zuwa a kan kari, sai ya koma acaɓa da furfurarsa. Hayaƙin titi ya cinye masa ƙirji, har likita ya faɗa masa ƙarara cewa in bai bar hawa babur a cikin cunkoso ba, ba zai daɗe ba. Kawu ya ce ya ji, washegari ya koma bakin aiki, domin gida cike yake da masu jiran abinci. To sai majalisar jiharmu ta amince a raba wa tsoffin sojoji sababbin babura, aka kafa kwamiti, aka naɗa Kawu a ciki saboda ya san inji. Shi aka turo ya duba kayan da idonsa, kuma ɗaya daga cikin baburan nasa ne.

Tun daga filin jirgi yake leƙe ta tagar mota yana waige-waige. Can ya kasa haƙuri.

“Kai yaro, ina 'yan acaɓan garin nan? Yajin aiki suke?”

“An hana su ne, Kawu.”

“An hana su a baki, ko an hana su?”

“An hana su.”

Ya yi mini irin kallon da yake yi mana muna yara idan mun ce mun yi sallah. A ganinsa zaman waje ya koya mini ƙarya. Ta yaya mutanen da suke ƙera wa duniya babur za su kore shi daga garinsu?

Kamfanin da ke ƙera baburan yana Panyu, kudu da birni, inda dokar ba ta kai ba a lokacin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, Kawu ya riƙe ƙarfe da hannu biyu yana salati, da muka fito kuma ya ce a gida da ya ba da wannan labarin cewa za a yi ya fara shan wani abu. Mai kamfanin, wanda muke kira lawban kamar yadda ake kiran duk mai shago a can, ya tarbe mu da shayi, ya sa aka fito da babur fil a leda. Ya ce Kawu ya zagaya harabar ya ji daɗinsa.

Sai dai mutumin Kano ba ya sayen babur da zagayen tsakar gida. Sai ya ɗora masa mutum, ya hau titi, ya ji yadda yake numfashi a kan hawa. Kawu ya ce in hau baya. Na ɗauka zagayen za mu yi. Kafin in ankara mun fice ta ƙofa, lawban yana binmu da gudu yana ɗaga hannu, ni ina ihu a kunnen Kawu, shi kuwa cewa yake in rufe masa baki yana sauraron inji. Ya miƙe hanyar da ta nufi gadar shiga birni, babbar rigarsa tana kaɗawa tana marina a fuska.

“Kawu, akwai 'yan sanda a bakin gada!”

“To sai me? Ni da na yi yaƙi? Daga Kano har Legas babu shingen da ya taɓa tsayar da ni.”

Gaskiya ya faɗa. A gida, da zarar ya zaro katinsa na tsohon soja ya ce “naku ne”, sai a ɗage masa katako a ƙara da ban haƙuri. Da wannan katin ya fitar da maƙwabta daga ofishin 'yan sanda, da shi ya tsallake layin mai.

Ɗan sanda ɗaya ne tal ya ɗaga mana hannu, siriri, ko sanda babu a hannunsa. Kawu ya sauka a natse, ya gyara hula, ya ƙame, ya sara masa irin sarawar bariki, sannan ya miƙa katin. Ya ce in fassara: tsohon soja ne, gwamnati ce ta aiko shi, gwajin kaya yake. Na fassara. Ɗan sandan ya duba hoton Kawu cikin kaki, ya dubi Kawu, sai ya haɗa ƙafafunsa ya mayar da sarawar, cikakkiya, har Kawu ya fara murmushi yana laluben makulli. Sannan ɗan sandan ya miƙo katin da hannu biyu, ya nuna hanyar da muka fito. Ya ce mahaifinsa ma soja ne, kuma shi ma mahaifin ya rabu da nasa babur.

Kawu ya karɓi katinsa. Ya sa hannu a aljihu irin yadda aka saba, na damƙe hannun tun kafin ya jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu. Lawban ya iso da mota yana haki, ya yi ta ba da haƙuri, aka ɗora babur a baya. Kawu ya ƙi shiga. Ya ce yana so ya shiga garin nan ya gani da ƙafarsa.

Bas muka hau muka tsallaka. Da muka sauka sai ya zagaya bayanta, ya durƙusa, ya kara farin hankicinsa a bakin salansa har ta tashi. Ya ɗaga hankicin ya juya shi gaba da baya. Fari tas. Na ce masa da iskar gas suke tafiya, irin ta girki, su da tasi. Ya shinshina ƙyallen, ya ce, “Ikon Allah.” Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Ba wai sararin garin garau yake ba, hazon masana'antu yana nan a sama. Amma wannan shuɗin hayaƙin da ke shiga hancin mai babur kai tsaye, babu shi. Sauran kwanakinsa Kawu bai yi komai ba sai tafiya. Daga masallaci zuwa masauki, daga masauki zuwa bakin kogi, ni ina binsa ina mita ƙafata ta gaji. Wata rana da la'asar ya tsaya ya kama kafaɗata ya ce in lura, tun safe ko sau ɗaya bai yi tari ba. Sai kuma ya tambaye ni ina masu baburan suka koma, da me suke ciyar da 'ya'yansu. Na ce na ji wasu sun koma ƙauye, wasu sun shiga masana'anta, amma ban sani ba. Ya daɗe yana jinjina kai.

Ana gobe zai tafi ya ce, “Ba za ka sama mini ko gadi ba ne a garin nan?” Ya yi dariya don in ɗauka wasa ne. Na san ba wasa ba ne, na kuma san bizarsa ba ta zama a ƙasar ba ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi fushi.

Ya amince da baburan, don injinsu lafiya lau ne kuma abokansa suna jira. Aka yi bikin rabo a gida, aka miƙa masa nasa makullin da tafi.

Bayan wasu watanni ya kira ni daga rumfar waya a bakin titi. Da ƙyar nake jin sa saboda ƙarar oda. Muka gaisa, tari ya sarƙe shi, na jira har ya lafa.

“Yaro, har yanzu ba su dawo ba?”

“Ba su dawo ba, Kawu.”

“Ko guda?”

“Ko guda.”

“Allah mai iko,” ya ce. Sai na ji wani daga nesa yana kiran mai babur, Kawu ya amsa masa, ya ce mini zai tafi ya samu fasinja.