Tsumman da Ya Bushe a Kan Igiya

Saura kaɗan in fasa ba ku wannan labari. Mutum kamar ni, da furfura a gemu, wanda ya ci tuwo a Agadas ya sha koko a Kumasi, a ce abin da ya tsaya masa a rai 'ya'yan kyanwa ne? To amma kwanan baya maƙwabciyata ta ɗora madarar akuya a wuta, ƙamshin ya tsallako katanga, sai ga ni na koma ɗan shekara tara a ƙauyenmu, can wajen Darini.

Bazara ce, irin wadda ko kaji buɗe baki suke yi a inuwa. Kakata, uwar babana, tana da wata kyanwa mai tsare mata rumbu. Ta haifi 'ya'ya huɗu a cikin kwandon audugarta. Ba su yi mako ba uwar ta ci ɓeran da ya ci guba, aka tsince ta a gindin randa ta sandare. 'Ya'yan ko ido ba su buɗe ba.

Ni da tsohuwar nan kullum cikin tsokana muke, irin ta jika da kaka. Maigida take ce mini, ni kuma kowace safiya sai na sake ta saboda ba ta da haƙora. Ranar ta kira ni ɗakinta ta ce an bar mana marayu, tunda ni ne mijin, sai in zauna in koyi aiki.

Ta tatso akuya, ta ɗumama madarar, ta ɗiga a bayan hannunta don ta ji zafin. Ta murza auduga kamar lagwani, ta tsoma, ta kai bakin ɗaya, tana riƙe da shi a kan cikinsa. Ta ce kada in kuskura in kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, shaƙewa zai yi. Wannan duk ya yi mini daɗi. Sai kuma ta jiƙa wani tsumma da ruwan ɗumi, ta ɗaga wutsiyar, ta shiga shafawa a hankali, har ya yi fitsari ya yi ɗan kashi. Ta ce aikin da uwarsu ke yi da harshe ke nan.

"Maigida, kada ka ba su ka tashi. Abin da ya shiga, su ba su iya fitar da shi ba, sai ka taimake su."

Bayan kwana biyu aka aiko daga Babban Duhu cewa ƙanenta ya rasu. Za ta tafi sai an yi sadakar uku. Cikin kukan nata ma sai da ta wanke tsumman, ta shanya a igiyar ƙofar ɗaki, ta nuna mini shi da yatsa kafin ta hau jaki.

Da hantsi na ba su madara. Ban ɗauki tsummanta ba, gefen rigata na jiƙa, don gaggawa. Ina durƙushe, wutsiya a hannu, sai ga taubashina, ɗan goggona, da yara uku sun biyo mini mu tafi harbin tsuntsu. Ya leƙo, sannan ya ce, "Sannu da aiki, ungozoma. Yaushe ne sunan?"

Kafin azahar duk yaran unguwa sun ji cewa ina yi wa kyanwa tsarki. Har waƙa suka haɗa mini.

Daga ranar ban sake ɗaga wutsiyar ko ɗaya ba. Madara dai ina ba su, a ɓoye, har fiye da yadda aka ce, wai ina biyan laifina. In sun yi kuka sai in ce yunwa ce, in ƙara. Kun ga wautar? Cikinsu ya kumbura ya yi tauri kamar ƙwallon goriba. Na gani, kuma na san maganin, yana nan rataye a igiya, ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Amma da na miƙa hannu sai in ji kamar taubashin nan yana bayana.

Safiyar ranar da za ta dawo na tarar biyu sun yi sanyi. Na tona rami a bayan rumbu da fartanya na rufe su, na baza kashin awaki a kai.

Ta iso da la'asar, ƙafafunta duk ƙura, idanu a kumbure. Ko ruwa ba ta sha ba ta nufi kwando. Na tare ta da ƙaryar da na shirya tun safe, na ce muzurun maƙwabta ne ya shigo ya ɗauke biyu. Har da rantsuwa.

Ta durƙusa a gaban kwandon. Ta lallatsa cikin biyun da suka rage. Ta miƙe ta ciro tsumman daga igiya. Yana nan yadda ta bar shi, fes, ya bushe ƙamas, har shatin igiyar ya fito a jikinsa. Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Maigida, tsumman nan ya sha hutu."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ma dukana ta yi. Ta ɗora ruwa, ta zauna ta ɗora su a cinya, tana shafawa tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ya daɗe kafin ya saki, ya ɓata mata zanen takaba... a'a, zanen da ta je gaisuwa da shi, ta yi hamdala kamar an yi mata bushara. Ɗayan bai kai washegari ba. Babana kuwa ya yi mako yana jifar muzurun mutane da hoge, ita tana ji, ba ta tona ni ba.

Wanda ya rayu, ashe mace ce, ta girma ta gaji rumbun uwarta. Ni dai ban taɓa iya ɗaukarta ba. Tsohuwa ta ci gaba da ce mini maigida, ni ne na daina sakinta da safe. Na sha cewa gobe zan faɗa mata gaskiya. Ina Fatakwal ana sauke albasa saƙon rasuwarta ya same ni.

Yanzu ba rumbun ba ɗakin. Yawancin mutanen gidanmu sun dawo cikin Batsari saboda halin da ake ciki, kun dai sani. Taubashin nawa ma yana nan, yana awon hatsi a kasuwa, haƙoransa sun fi na kakar tamu zubewa. Ranar kasuwar da ta wuce na zauna a kan buhunsa na kwashe labarin nan duka na faɗa masa, tun daga ungozoma har ramin bayan rumbu. Na ce saboda dariyarsa na bar rayuka uku suka tafi, na kuma yi wa tsohuwa rantsuwar ƙarya.

Ya saurare ni har ƙarshe, mudu a hannu. Ya sosa ƙeya, ya dube ni da iyakar gaskiyarsa.

"Wai tsaya, wace kyanwa kake magana?"