A Shagon Illa Ba a Saran Wanda Ya Faɗi

A watan nan Illa ya cika shekara tara a ƙasa. Mijin yayata Hadiza ne, abokina kuma tun kafin ya zama surukin gidanmu. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma abin da ya ɓata mini rai har na ɗauko alƙalami wasan bidiyo ne. Na san wani zai ce malamin makaranta da furfura a gemu ya rasa abin rubutawa a jarida sai wasan yara. Ya faɗa, ba zan ji haushi ba. Waɗanda suka zauna a shagon Illa sun san abin da nake nufi.

Shagon yana kan hanyar kasuwar dabbobi a nan Tawa, ɗaki ɗaya mai rufin kwano, da tele biyu, wato talabijin, da benci, da fanka mai aiki ranar da ta ga dama. Akwai ƙwallo, akwai tseren mota, amma abin da ke tara mu shi ne wani wasan faɗa da makamai. Ba zan kira sunansa ba, ba talla na zo yi musu ba. Mutum biyu ke karawa, kowa ya riƙe manet ɗinsa, wato abin latsawa na hannu, ya zaɓi gwaninsa: mai takobi, mai mashi, wata mai wuƙaƙe biyu, wani mai sanda. Illa ba ya ɗaukar kowa sai wani dattijo mai gatari, mai nauyin jiki, wanda kafin ya ɗaga hannu ka shanye shayinka ka ajiye kofi. Mukan yi masa tsiya mu ce ɗan'uwansa ya gani a ciki. Sai dai in gatarin nan ya same ka sau biyu, tashi za ka yi ka ba na bayanka wuri.

Doka ɗaya ce a shagon. In ka kayar da abokin karawarka, sai ka ja da baya ka jira ya miƙe. Wasan bai hana ka sare shi a kwance ba, Illa ne ya hana. Mutumin Bambeye ne, a bakin filin kokawa ya buɗe ido, inda da zarar gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an gama, mai nasara ma shi ke miƙa hannu ya tayar da shi. Wanda ya karya dokar, ba zagi ba duka. Illa zai taso a hankali, ya zare wayar manet ɗinsa daga jikin na'ura, ya ce, "Tahi ka sha iska, ka komo gobe." Na ga ya yi wa wani sabon likita da aka turo daga Damagaram haka. Mutumin ya fita yana huci, washegari ya dawo, ya zama ɗaya daga cikinmu.

Ciwon da ya ɗauke Illa bai daɗe ba. Bayansa shagon ya mutu, yau taya ake faci a wurin. Ya bar ɗa namiji guda, Kadri, wanda a kan cinyarsa ya koyi riƙon manet tun yatsunsa ba su kai maɓallan sama ba. Shekararsa goma sha ɗaya lokacin da uban ya rasu. Yanzu ya zama saurayi, ya fi ni tsawo, yana gyaran wayoyi a bakin tasha, kuma duk garin nan an san shi a wannan wasa.

To, an fito da sabon kashi na wasan, ci gaban wanda muka sani. Da ya iso Tawa, tsoffin ƴan shagon muka je kallo a wani sabon gidan wasa mai sanyin na'ura da manyan allo. Na shiga da ɗoki, na fito ina tsaki. Agali, abokinmu Buzu mutumin Barmou, wanda ya tashi yana ganin takobi rataye a kafaɗar kakansa, shi ya fara magana. Ya ce waɗannan ba makamai ba ne, fitilun gidan biki ne. Kowane sara sai tartsatsi da walƙiya ja da kore, takobi kamar ƙyauren ƙofa amma ana juya shi da hannu ɗaya. A na da kana jin nauyin ƙarfe, ka san in ka yi sara ka kuskure, ka shiga uku. Dattijon gatari kuwa an cire shi gaba ɗaya, wai ba shi da farin jini. A madadinsa an cika wurin da samari masu gashi kala-kala da ƴan mata waɗanda aka manta a ɗinka musu tufafi.

Matasa ba su yarda da mu ba, kuma ba su ɓoye ba. Suka ce na da sanyi ne da shi, wannan shi ne mai zafi. Suka ce hoton ya fi kyau, kuma gaskiyarsu ce. Suka ce yanzu kana zaune a Tawa za ka kara da wani a wata ƙasa, ba sai ka jira layi a benci ba. Wannan ma gaskiya ce, ko da yake ban ga daɗin kayar da mutumin da ba zan sha shayi da shi bayan an gama ba.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne an gina sabon wasan kacokan a kan saran wanda ya faɗi. Ka kayar da mutum, ka sare shi a ƙasa, ka cilla shi sama, ka tare shi da wani saran kafin ya sauko, ka sake, har ransa ya ƙare bai samu ya taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Allon kuwa sai yaba maka yake yi. Wanda ya ja da baya ya jira, an tanadar masa hukunci, don na ƙasa yana da wani sara na tashi mai cin kusan rabin ran mutum. Wato zama aka yi, aka yi shawara, aka mai da kunya laifi. Ƙyama na ji, ba zan ɓoye ba.

Na faɗa wa Kadri haka a tsakar gidansu, gaban mahaifiyarsa. Ya yi dariya.

"Kawu, wanga wasa ba na zamaninku ba na. In ka tsaya jiran mutum shi tashi, kai aka kashewa. Baba ma da shina da rai, da ya sake."

Na ce masa bai san ubansa ba. Hadiza ta harare ni, muka bar zancen.

Amma maganar ta bi ni gida. Me Illa zai ce da ya ga yau? Mutum ne mai son sabon abu, na tabbata shi zai fara kawo wasan nan garin, ya zauna baki buɗe yana kallon kyan hoto. Zai yi kewar dattijonsa na kwana biyu ya zaɓi wani. Dokarsa kuwa ba na jin zai sake ta, ko da shagon zai watse ya bar shi shi kaɗai. Sai dai manet ɗin yanzu ba su da waya, ban san abin da zai zare ba.

Kwanan baya aka shirya gasa a sabon gidan wasan, wanda ya ci zai wakilci Tawa a Yamai. Kadri ya sa ransa a kai ƙwarai. Bai taɓa zuwa Yamai ba, kuma yana ganin daga nan wata ƙofa za ta buɗe masa. Watanni ya yi yana atisaye. Hadiza ta ce in je in tsaya masa, tunda ubansa ba ya nan. Na je ranar da la'asar, na tsaya a baya, na ga ɗan Illa yana sassara mutane a kwance ɗaya bayan ɗaya, ana ta tafi. Sau biyu na yi niyyar fita.

Kadri ya kai karawar ƙarshe da wani ɗan lise, wato ɗan sakandare, mai saurin hannu. Suka yi kunnen doki, aka shiga zagayen raba gardama, ran kowannensu saura kaɗan. Kadri ya shammace shi ya kayar da shi. Abin da ya rage kawai ya latsa maɓalli ɗaya. Sai muka ga gwaninsa ya ja da baya ya tsaya. Na ƙasa ya taso da saran nan, shi ke nan aka gama. Ɗakin ya ɗauki ihu da dariya, wasu na cewa tsoro ya ji, wasu na cewa manet ce ta cije.

Na same shi a waje yana jiran kabu-kabu, idonsa ja. Na dafa kafaɗarsa zan yi magana, ya zame.

"Kar ka yaba min, Kawu. Ba don Baba na yi ba. Ni Yamai nika son zuwa. Na ce ma hannuna shi sara, ya ƙiya."

Ya hau babur ya tafi, bai waiwayo ba.

Tun ranar nake juya abin a raina. Illa bai bar gida ba, bai bar gona ba, shagonsa ya zama na wani, wasan da ya so an lalata shi, waɗanda suka lalata shi kuma sun fi mu magoya baya. Abin da ya rage daga gare shi wata ƴar tsayawa ce a babban yatsan ɗansa, wadda ya dasa tun yaron bai san ana dasa masa komai ba. Ta kwanta shekara da shekaru, sai ranar da hankali ya tashi ta fito, ta kuma yi wa yaron asarar abin da ya fi so. Ba zan ce na yi murna ba, don na ga idonsa. Ba zan kuma ce na yi baƙin ciki ba, don ƙarya zan yi.

Hadiza ta ce mini yanzu kullum in ya rufe wurin gyaran waya, gidan wasan yake wucewa, yana ta atisaye don ya fitar da wannan ɗabi'a daga hannunsa kafin gasa ta gaba. Ni kawunsa ne, ni ya kamata in fara yi masa fatan nasara. Allah ya jiƙan Illa, ya haskaka makwancinsa. Ni kuma ya yafe mini, don har yau bakina ya kasa furta wannan fatan.