Kanumfarin Rahamatu

A gidan hayarmu na unguwar Treichville, can ƙasar bakin teku, atishawa ce ke kawo mana labarin haihuwa. Da zarar ta kama mutane ɗaki-ɗaki, to wata Bahaushiya ta sauka lafiya, Rahamatu kuma ta ɗauki taɓarya.

Daga Tasawa ta zo da mijinta Kalla, shekarar da aka ɗora gadar nan mai lilo a kan ruwa. Shi yana gasa tsire a bakin kasuwa, ita tana daka yajin jego, wanda mai haihuwa ke barbaɗawa a abinci har ta gama wanka. Ɗakina na manne da nata, don haka na fi kowa shan atishawar, kuma ban taɓa ɓoye mata cewa na gaji ba.

Ba a taya ta daka, amma ana shan bayani ko ba a tambaya ba. Citta ta ɗumama ciki, kimba ta wanke shi. Masoro kuwa don mai jego ta ji marmarin tuwo. Da na tambaye ta amfanin barkono mai yawa haka, sai ta ce don yarinya ta san tana da rai. Kanumfari ne ƙarshen shiga turmi, kuma a wurinta yajin da babu shi garin barkono ne kawai.

Kimba da masoro dajin ƙasar nan ke ba da su, har sun fi araha a kan gida. Kanumfari sai jirgin ruwa ya kawo. Duk lokacin da sabo ya iso, Rahamatu takan zauna ta tsince masu ƙiba, waɗanda kansu bai karye ba, ta zuba a wani gwangwanin shayi, ta fitar da tsofaffin, ta mayar da shi ƙarƙashin gado. Na jegon kanta ne take tanadi. Ba ta taɓa yin ko ɓatan wata ba, furfura ma ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, amma kowa a gidan ya san ba a yi mata maganar. Ranar da haƙori ya kumbura wa Kalla kunci, ya roƙi ƙwaya ɗaya ya danna a wurin. Ruwan gishiri ta ba shi.

Da yaƙin Turawa ya tsananta, jirage suka ɗauke ƙafa, kanumfari ya ɓace daga kasuwa. Rahamatu ta ci gaba da daka babu shi, tana miƙa wa mutane tana kallon gefe.

Wata safiya sai ga Ɗan Azumi, mai dakon goro a kasuwar Adjamé, ya yi sallama. Ita ta daka wa matarsa Tsahara yaji kafin suna. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ta ƙi cin komi. Ta ce ba shi da ƙanshin na uwatta, ita ko uwar ta rasu tun muna gida. Na biɗa a marshe duka, rumfa-rumfa, har wajen fatake Julawa, babu. Nono ya fara ɗaukewa, ɗiyar sai kuka."

Rahamatu ta ce, "Yaƙi aka yi, ba ni na tsai da bato a teku ba."

Ya ce, "Haka ne, Inna." Amma bai tashi ba.

Rahamatu ta dube shi. Sannan ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar jan gwangwani a kan siminti. Na zaci tsunkule ɗaya za ta yi, ko biyu in ta ji tausayi sosai. Sai ta kife shi duka a turmi tun kafin sauran kayan yajin, ta bubbuga gindinsa, ta miƙo mini ta ce in zuba allura a ciki in ina so. Na karɓa, na kuwa san abin da ta sallama.

Ta fara daka, hawaye na sauka har haɓarta. Kalla ya leƙo daga ɗaki ya ce barkonon bana akwai zafi. Matan gidan duk suka ce wallahi akwai.

Ni ce zaune kusa da faifan kayan yajin. Barkonon na nan a kai, ba ta zuba ko ɗaya ba tukuna.