Ganyen Gwiwar Kaka

Jiya na tsinke wani ganye a gindin katangar ofishinmu, farin ruwansa ya manne mini a yatsu. Da na shinshina sai raina ya ɓaci. Nonon barya muke ce masa a Ketare: ganye mai ɗaci, fure rawaya, in ya bushe iska ta kwashe audugarsa.

Kakata ta wajen uwa tana fama da sanyin ƙashi a gwiwoyi. Ba tafiya ce damuwarta ba, sallah ce. Tana so ta tsaya, ta yi ruku'u, goshinta ya taɓa ƙasa. Da damina ni take aika gefen gonar kawuna in ciro mata ganyen, ta dafa, ta sha ruwan, ta ɗaure gwiwa da tuƙar da ɗuminta. "Maigidana, ban da mai fure, ya tsufa kamar matarka," haka take tsokanata.

Na yi karatu, don haka ba zan ce maka ganyen yana warkar da ciwon ba. Wataƙila ɗumin ne, wataƙila sa rai. Ban sani ba. Abin da na gani kawai, da damina a tsaye take sallah.

Ina ɗan shekara goma kawuna ya sayo tankin feshi. Al'adar masu feshi ce su kafa sanda da jan ƙyalle don makiyaya su kau da dabbobi. Da ya fesa gonar ya kafa, ta ɓangaren burtali, inda shanu ke bi. Ta ɓangaren gari, inda mata da yara ke cirar ganyen miya, bai kafa komai ba, kuma bai faɗa wa kowa a gida ba. Maganin ciyawa kuwa ba ya nunawa ranar farko. Washegari na tarar da ganyen shar da shi. Na ji wani wari kamar na kananzir, na ce ƙila hannuna ne.

Na ciro, Kaka ta dafa ta sha. Kwana uku tana amai, sai da aka kai ta asibiti a Kankara. Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma ranar da ta dawo kawu ya tsaya tsakar gida yana faɗa: "Inna, mi na hwaɗa maki? Ciyawa ce! Kada in ƙara ganinta gidan nan."

Ganyen aka ɗora wa laifi. Kawu da ya tuna da shanun wasu ya manta da uwarsa, shi ne mai hukunci. Ni kuma da na ji warin, na ga tankin a zaure, na yi shiru, don ni na ciro. Kaka ba ta yi musu ba. Shekara shida ta ƙara a duniya, duk a zaune take sallah, tana sunkuyar da kai maimakon sujada. Ko da ganyen ma wataƙila haka za ta ƙare. Na yarda. Amma ba a bar ta ta gwada ba, kuma wannan ne har yau yake ci na.

Yanzu daga Ketare har Mairuwa babu gefen gonar da zan amince in ciri ganye. Kowa feshi yake, jan ƙyallen ma an daina. A tsohuwar roba nake shuka nawa, bayan ɗaki, don kada mahaifiyata ta gani ta tsorata.

Bara kawu, wanda yanzu a kan kujera yake sallah, ya aiko a tambaye ni ko akwai sauran ganyen. Na ƙulla na kai masa da kaina. Shekara ashirin ina shirya abin da zan faɗa, sai na ce, "Alhaji, wannan ba a fesa masa komai ba."

Ya daɗe yana kallon ƙullin. Bai tambaye ni abin da nake nufi ba.